Shekarar da Na Bar wa Mai Inji Dusa

Na ji labarin da kuke bayarwa a kaina, ku 'ya'yana, kuma na lura duk shekara ƙiba yake ƙarawa. Da fari cewa kuke yi Baba ya rage kuɗin cefane har Inna ta yi fushi. Daga baya ya koma Baba yana ƙirga ƙwayar shinkafa kafin a ɗora tukunya. A bikin 'yar'uwarku Asma'u kuwa, da kunnena na ji wata daga dangin ango tana raɗa wa 'yar'uwarta, tana nuna ni da baki, wai ni ne mutumin nan da ya kori mahaifiyarsa a kan saniya. Ni ma na iya ƙarin gishiri, da shi aka san ni a ofis, amma a wannan babin zan ɗan rage hannu, tunda gishirin ma ya yi tsada. Ga yadda abin ya faru.

Inna ta dawo wurina a Dutse bayan rasuwar mahaifinmu. Ba ta zo da kaya masu yawa ba: akwati ɗaya, ƙorai, tabarmar salla, sai saniya. Sunan saniyar Wule, saboda farin da ke goshinta. Jikar jikar saniyar da kakanmu ya ba Inna ranar da aka kai ta ɗakin miji ce, kuma ita kaɗai ta rage a wannan zuriyar. Sauran shanun gidanmu suna can ruga, yamma da Kafin Hausa, a hannun ƙanena Buba. Kada ku ɗauka wata dukiya ce. Wule ta yi ritaya tun kafin ni in fara tunanin tawa. Ba ta haihuwa, ba ta ba da nono, haƙoranta sun fi na Inna ƙarewa. Aikinta a gidan nan shi ne ta tsaya gindin turke tana tuƙa, tana kallon kowa kamar mai bin sa bashin gaisuwa. Amma tana da wani aiki guda da babu mai iya yi sai ita. Ni ne ɗan farin Inna, kuma kun san ta, Bafulatana ce ta ainihi. Tun da ta haife ni ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta kuma tsayawa ta dube ni ta yi mini magana. Idan tana da saƙo, sai ta je ta dafa wuyan saniyar, ta ɗaga murya daidai yadda zan ji daga bakin ɗakina.

"Wule, ki gaya wa mai gidan nan rufin ɗakina yana yoyo."

Washegari sai in kawo kafinta. Da ya gama, sai in ji:

"Wule, ki ce masa an gani."

Da haka muke zaune lafiya. Har na taɓa gaya wa abokan aiki cewa a gidanmu akwai sakatare mai ƙafa huɗu, kuma bai taɓa ɓatar da fayil ba.

Abincin Wule kuwa ba ya cikin kasafin kowa. Duk mako nakan sayo masara ko dawa, mahaifiyarku Hajara ta aika inji a surfa a niƙa, a dawo da gari a buhu, dusa a leda. Ku da kuka tashi a birni ƙila ba ku sani ba, amma a al'adarmu hatsi na maigida ne, dusa ta matar gida ce. Da ita mata ke kiwon akuya da kaji, da ita suke haɗa ɗan abin hannunsu, kuma namiji mai mutunci ba ya tambayar inda ta shiga. Ranar da Inna ta sauka, Hajara ta ɗauki ledar dusa ta ajiye a ƙofar ɗakinta, ba tare da kowa ya roƙa ba. Tun daga nan dusar gidan ta zama ta Wule, haɗe da ruwan tsari, wato ruwan da aka wanke surfaffen hatsi, da ƙanzon tukunya, da duk tuwon da kuka yi wa yanga kuka bari. Na daɗe ina tsammanin halin kirkina ne ya sa ban taɓa raba rigimar suruka da matar ɗa ba.

Sai shekarar nan ta zo, wadda man fetur ya tashi, komai ya bi shi a guje. Ba sai na ba ku labarinta da yawa ba, cikinku ya fi ni tunawa. Kuɗin cefanen da nake ba Hajara ranar Asabar, wanda a da yake kai mu wata Asabar har ta rage na sabulu, sai ya koma yana cikawa da imani tun ranar Talata. Na ninka shi, ya kai Laraba da ƙyar. A da idan na je kasuwa, kuɗi a aljihu ɗaya, kaya kuwa sai na ɗauki adaidaita. A shekarar nan kuɗin ne ke cika aljihu biyu, kayan kuma in rataya su a hannun babur, iska tana kaɗa su. Tattasai ya zama abin da ake gaisarwa daga nesa. Akwai ranar da mai albasa ya miƙo mini kashi guda, na tambaye shi ko samfur ne yake nuna mini kafin ya kawo kayan. Albashi shi ma yana nan yadda yake, ya shigo da safe kamar baƙon da ya bar mota a kunne, kafin la'asar ya yi sallama.

Ban ci bashi ba, wannan ku rubuta shi ku ajiye. Abin da na yi shi ne na zauna da Malam Sabo, wanda teburinsa ke kusa da nawa a sakatariya, da wasu abokan aiki biyu, muka haɗa kai. Malam Sabo yana da 'ya'yan da in suka fito sallar Idi sai ka ɗauka makaranta ce aka taso, don haka ya fi kowa jin zafin kasuwa. Muka daina awo da kwano a cikin gari. Da albashi ya shigo sai mu haɗa kuɗi, ranar kasuwar Shuwarin mu sa hannu a ofis mu sulale, mu sayo buhunan masara da wake daga hannun manoma, mu raba. Lokacin da tumatir ya yi araha muka saye shi kwando-kwando, matanmu suka yanka suka shanya kauɗa. A gida na mai da shinkafa ta Juma'a kaɗai. Burodi da shayi suka ba koko da ɗumame wuri. Madara ta tafi ba ta waiwayo ba. Nama ya koma sau ɗaya a wata, idan mun yi watanda, mu haɗu mu yanka ɗan akuya mu kasa. Sauran kwanaki daddawa da busasshen kifi su riƙe miya. Tukunyar gas muka jingine ta a lungu, Hajara ta koma gawayi. Ita ma da kanta ta koyi tuƙa tuwo daidai cikin mutanen gida, babu ragi, har tukunyar ta daina yin ƙanzon kirki. Duk waɗannan dabaru ne masu kyau, kuma duk wanda ya yi aure a cikinku ina ba shi shawarar ya riƙe su. Su suka fitar da mu shekarar nan ba a kore ku daga makaranta ba.

Saura guda ɗaya, ita ce ta dusa. Ranar nan mun kai buhunanmu wurin Ɗan'azumi mai inji, ya faɗi sabon kuɗin surfe da niƙa. Malam Sabo ya cire hula ya riƙe a hannu.

"Ɗan'azumi, niƙa muka kawo, ba injin muka zo saya ba."

"Malam, to ni da ruwan rijiya nake tayar da shi? Je ka tambayo kuɗin baƙin mai, in ka dawo da ƙafarka ka ba ni labari."

Muka yi ta ja, yana share gari daga girarsa. Can sai ya dubi tulin buhunan ya ce:

"Bari in yi muku wata. Masu kiwon kaji sun hana ni barci a kan dusa. Ku huɗun nan, ku riƙa kawo mini hatsinku gaba ɗaya, ku bar mini dusar, in surfa in niƙa muku ba ko sisi. Amma fa har kaka, kuma ku duka. In ɗaya ya zame, magana ta tashi."

Malam Sabo ya kusa rungume shi. Ni ma na miƙa hannu muka tafa. Na dawo gida a kan babur ina jin kaina kamar wanda ya ci zaɓe ba hamayya.

Hajara ta karɓi buhun gari, ta leƙa bayan babur, ta leƙa gaba, ta sake leƙa baya.

"Malam, ina dusar?"

Na yi mata bayani dalla-dalla, har da kwaikwayon muryar Ɗan'azumi, don in ba ta dariya. Ba ta yi ba.

"Wato ka sayar da ita."

"Ban sayar ba, musaya muka yi."

"Da kayan wa ka yi musayar?"

"Haba Hajara, dusa ce fa. Dusa!"

"Na ji. Sai ka je ka faɗa wa mai ita. Ni dai bakina ba zai iya ba."

Ban je ba, don ban ga abin faɗa ba. A lissafina ruwan tsari yana nan, ga karan dawa da nake samowa, saniyar da ba ta aikin komai me za ta yi da dusa kullum? Kwanaki suka yi ta wucewa ban ji an aiko Wule da saƙo ko ɗaya ba, har na fara murna cewa abin ya wuce salin-alin. Rani ne a lokacin, duwatsun bayan gidanmu suna fitar da zafi kamar tanda, babu ko tsinken ciyawa. Wule ta fara zubewa. Ƙasusuwan kwankwasonta suka fito har kana iya rataya riga, haƙarƙarinta kuwa ɗan firamare zai koyi ƙidaya da shi. Sai na lura Inna tana rage tuwonta, tana jiƙa rabin a ƙwarya tana kai wa gindin turke.

Da na ga haka ban tsaya gardama da kowa ba. Janyewa daga maganar inji ba ta yiwuwa, don in na zame na zamar da gidaje uku, har da na Malam Sabo da rundunarsa. Sai na koma wurin Ɗan'azumi na ce ya auna mini dusa. Ya dube ni, ya dubi buhun da ke gefensa.

"Yallaɓai, wannan ai taka ce ta shekaranjiya."

"Na gane ta. Nawa kake sayar mini da ita?"

Ya yi mini ragi, Allah ya saka masa. Malam Sabo ne ya rako ni gida da ita a kan babur ɗinsa, yana ta yi mini tsiya a hanya, wai a tarihin Jigawa ni ne mutum na farko da ya sayi kayansa da kuɗinsa kuma ya yi godiya. Muka shiga soro muka sauke. Daga nan ana hango turke. Ya leƙa, ya ga Wule, ya ce da muryarsa wadda ko raɗa yake yi sai an ji a Kiyawa:

"Kai Ɗan Fulani, wannan ai ta gama aiki. Maimakon ka riƙa ciyar da ita, kawo ta mu yi watandar Salla, ka huta mu ma mu huta!"

Wasa yake yi. Irin wasan da ni da shi muke yi tun muna samari, kuma na mayar masa da wanda ya fi shi zafi. Amma Inna tana zaune a inuwar ɗakinta tana jan carbi.

Da ya tafi na ɗauki dusar da kaina na ajiye a ƙofarta. Ta kwance bakin ledar, ta ɗebo kaɗan ta murza a yatsu, ta mayar ta ɗaure. Sannan ta tashi a hankali ta je ta dafa wuyan saniyar. Ina tsaye a tsakar gida, Hajara tana bakin madafa da muciya a hannu.

"Wule, kin ga abin da aka kawo miki? Na kasuwa ne, da kuɗi aka saya. Da, abin da gida ya ci shi kike ci, ke 'yar gida ce. Yau an sa ki cikin kayan cefane. Kin dai ga yadda aka yi da madara. Kin ga yadda aka yi da nama. Duk abin da ake fitar wa kuɗi a gidan nan, ranarsa tana zuwa."

Na ce, "Inna, wallahi ba haka ba ne. Sabo wasa yake yi."

Ba ta juyo ba.

"Wule, ki ce masa na san wasa, shi ma mai wasa ne, ni na goya shi. Ki ce masa bai yi laifi ba, yana da yara. Amma ni da ke bakuna biyu ne da ba sa kawo komai. Gara mu je inda ciyawa ba ta da mai awo."

Hajara ta ajiye muciya ta zo ta durƙusa a gabanta, ta ce ita za ta riƙa surfa kason gidanmu a turmi, da hannunta, kada a kai inji. Inna ta ɗago ta, ta kama tafin hannunta ta duba.

"'Yar nan, hannun nan ya manta taɓarya. Kuma ya riga ya ba mutane alkawari. Ba a gidana aka koya masa saɓa magana ba."

Ashe ta riga ta sa an kira mata Buba a waya tun kafin in sayo dusar. Ranar Asabar sai ga shi da a-kori-kura ta wani abokinsa. Na ja shi gefe na ce ya taya ni ba ta haƙuri. Ya gyara rawaninsa, ya kira ni yadda ƙane ke kiran wansa a ruga, ya ce:

"Hamma, kai da ka fi ni daɗewa da ita? Ka taɓa ganin ta ɗaure kaya ta kwance?"

Sai da muka haɗu mu biyar, har da maƙwabta, kafin mu ɗora Wule a mota. Saniyar da nake cewa iska za ta iya ɗauka, ranar nan nauyinta ya kai na ginin sakatariya. Direba ya buɗe wa Inna gaba, ta wuce shi kamar ba ta gani ba, ta sa Buba ya ɗaga ta ya ajiye a baya, ta shimfiɗa tabarmarta kusa da ƙafafun saniyar ta zauna. Ku kuna kuka, ta sa muku albarka ɗaya bayan ɗaya, kowa da sunansa. Ledar dusar da na saya tana nan a ƙofar ɗakinta yadda na ajiye. Hajara ta ba maƙwabciya mai kaji.

To, ga abin da nake so ku gane. Ban kore ta ba, ban ɗaga mata murya ba, ban kuma taɓa tunanin yanka saniyarta ba. Na yi ciniki ne mai kyau da abin da ban ɗauka kaya ba ne. Kuma don ku san yadda lissafi yake, tafiyarsu ba ta rage mana ko ƙwandala a cefanen mako ba. Inna cin tsuntsu take yi, ita kuwa Wule dama ba ta taɓa shiga kasafi ba sai sau ɗaya.

Na cika wa Ɗan'azumi alkawarinsa har kaka. Ranar da sabuwar masara ta shigo na kai buhuna, na biya kuɗin surfe da niƙa cif, na ce ya zuba mini dusata. Hajara ta tankaɗe ta, ta ɗura a sabon buhu, ta ɗinke bakin da kanta. Na shiga bas zuwa Kafin Hausa, daga nan na hau ɗan acaɓa, buhu a cinyata. Kuɗin motar da na kashe ya isa ya sayi irin wannan dusar sau uku.

Na tarar da su a bayan ruga, a gonar da aka girbe. Wule ta yi kyau, ta ciko, ta dube ni sau ɗaya ta ci gaba da cin harawa. Inna tana zaune a gindin wata ƙirya. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa tana kallon gabas. Na tura buhun gabanta na ce ta gida ce, Hajara ce ta ɗinke. Ta farke ɗinkin, ta murza, ta sansana, ta gyaɗa kai. Sai na ce ɗakinta yana nan an share, na sake masa rufi, yara suna tambaya, kuma daga yau dusar gidan ba za ta ƙara kwana a inji ba.

Can ta miƙe ta shiga bukka, ta fito da wata 'yar ƙwarya a rufe da faifai, ta ajiye a tsakanina da saniyar. Man shanu ne, na shanun Buba, ita ta kaɗa.

"Wule, ki ce masa dusar ta yi kyau, a gaida mai ɗinki. Ki ce masa ke kin tsufa da hawa mota, ni kuma ba na barin ki. Wannan ya kai wa yara, ya cire man gyaɗa daga cefanen makon nan. Ya tashi haka nan, kada motocin Dutse su ƙare a tasha."

Na ɗauki ƙwaryar na tashi. Makon nan ba mu sayi man gyaɗa ba.